Nasiha ga Matashin da Gabansa Ke Yawan Faɗuwa

Ƙannena maza da mata, akwai wani abu da da yawanku ke fama da shi a ɓoye, ina so mu fito da shi fili mu yi maganarsa. Wani zai kwanta da dare jiki ya gaji tiɓis, amma ido ya ƙi rufuwa, tunani kan tunani: sakamakon jarrabawa, kuɗin rajista, aikin da ake ta nema shiru, auren da dangi ke ta tambayar yaushe ne. Wata kuma da zarar wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya yanke ya faɗi, alhali babu wani mugun labari da take jira. Wani yana zaune a aji ko a shago, sai kawai ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi na neman gagararsa, har ya saddaƙar ajali ne ya zo. A garzaya da shi asibiti, a auna jini, a duba zuciya, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya koma gida ya fi da ruɗewa, domin shi ya san abin da ya ji a jikinsa, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Wannan ita ce fargaba, kuma ba ku kaɗai take damu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ita a matakin da ta zama cuta, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa. Ta fi kama mata, galibi tun da ƙuruciya take farawa, kuma cikin mutum huɗu da ke buƙatar kulawa kusan ɗaya ne kawai ke samu.

Na san abin da ake gaya muku idan kun yi ƙarfin halin faɗa. "Rashin tawakkali ne." "Ka cika sa abu a ranka." "Me aka rage ki da shi a gidan nan?" Yawancin masu faɗin haka don ƙauna suke faɗa, amma maganar tana ɗora wa mai ciwo kaya na biyu, ga fargaba ga zargin kai. Ku sani, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, sunanta a littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekarar baƙin ciki. Ya kuma tabbata cewa yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ai kuwa ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini. Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami daga yankin Balkh a Afganistan ta yau, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya ɗauki tsoro da baƙin ciki da wasiwasi a matsayin lalurorin da ake jinyarsu kamar sauran cututtuka, ya nuna jiki da rai suna shafar juna, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyakkyawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali saboda ranar da hankali zai tashi. Saboda haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ba kuma zan raina muku hankali in ce abubuwan da ke damun ku babu su ba. Ku ne kuka zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a. Ku ne kuka ga yadda kuɗin mota da na kwanon shinkafa suka tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuna makaranta aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024. Wanda ya girma cikin wannan ya ce gabansa bai taɓa faɗuwa ba, to bai san abin da ake ciki ba ne. Sai dai waɗannan al'amura ba a hannunku suke ba, a yau dai. Abin da ke hannunku shi ne yininku: lokacin da kuke kwanciya, abin da kuke sa wa bakinku, abin da kuke kallo, yadda kuke motsa jiki, da wanda kuke buɗe wa cikinku. A nan ne fargaba take samun abincinta, a nan ne kuma ake rage mata ƙarfi.

Sai an san yadda take aiki kafin a san ta inda za a ɓullo mata. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam mai gadi. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa hango haɗari. Da ya hango, sai ya aika saƙo a saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini zuwa hannuwa da ƙafafu, numfashi ya yi sauri, narkar da abinci ya tsaya, shi ya sa baki ke bushewa ciki ya riƙa juyawa. Wannan shiri ne ke ceton ka idan mota ta yo kanka ko ka taka maciji. Amma ku ɗauki mai gadin unguwar da ya kwana uku bai runtsa ba, ya cika cikinsa da shayi mai kauri, kuma tun safe ake ba shi labarin 'yan fashi. Ko kyanwa ce ta gifta sai ya busa usur ya ta da unguwa. Ba za a kore shi ba, don ana buƙatarsa. Hutu yake so, da abinci, da a daina tsorata shi.

Wanda abin ke taso wa farat ɗaya, ya riƙe wannan da kyau: firgicin yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka da kansa. Yana da matuƙar wahala, amma shi kansa ba ya kisa. Jirin da kake ji da tsikarin da ke bin yatsu da leɓɓa, saurin numfashi ne ke kawo su, domin yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima. Maganinsa a lokacin shi ne ka zauna, ka ɗora hannu a kan cibiya, ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu har ka ji ciki ya taso, sannan ka sake shi sannu a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Fitar da numfashi a tsawaice ita ce ke rage wa zuciya gudu. Ka riƙa gwada wannan na minti biyar kullum lokacin da kake lafiya, misali bayan sallar Asuba, domin abin da jiki bai saba da shi ba, ba zai tuna da shi a tsakiyar firgici ba.

Yanzu barci, wanda ni a ganina shi ne tushe. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, wanda ya wuce nan kuma aƙalla awa 7. Ku lissafa da gaskiya, nawa kuke samu? Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ta fi saurin razana, sashen da ke auna abu ya ce "wannan ba komai ba ne" shi ne ke fara raunana. Ga shi fargaba tana hana barci, rashin barci yana ƙara fargaba, haka za a yi ta zagaye har mutum ya rasa wanne ya fara. Kakanninmu ba su da wannan matsala sosai, domin ana idar da Isha'i, a ɗan taɓa hira ko tatsuniya, sai kowa ya nemi shimfiɗa. Mu kuwa mun shigo da kasuwa sukutum cikin gidan sauro. Ƙarfe ɗayan dare ana hira a WhatsApp, ana bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya a TikTok, wai ana jiran barci ya zo, alhali hasken wayar da abin da ake kallo su ne ke korar sa.

Na san akwai zafi a watan Afrilu, akwai sauro, akwai ɗakin da mutum biyar ke kwana, akwai wutar da ba ta zuwa sai tsakar dare a tashi a yi caji da guga. Duk da haka akwai abin da za a iya. Mafi muhimmanci shi ne lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, har Asabar da Lahadi, ko da daren bai yi daɗi ba. Wanda ke tashi sallar Asuba ya riga ya samu wannan kyauta, saura ya ja lokacin kwanciya baya ya dace da ita. Ka fita hasken safiya ya taɓa idonka, domin da shi agogon jiki ke daidaita kansa. Awa ɗaya kafin kwanciya ka rabu da waya, ka ajiye ta inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kai gare ta. Idan ka kwanta ka ga an ɗau lokaci barci bai zo ba, kada ka yi ta juyi kana duba agogo kana lissafin awoyin da suka rage. Tashi ka zauna a tabarma, ka ja carbi ko ka karanta wani abu mara tayar da hankali, sai ka ji ido ya yi nauyi ka koma. Ƙailula tana da amfani, amma gajera, minti 20 zuwa 30 wajen azahar. Barcin bayan la'asar mai tsawo daga na dare ake cire shi.

Ɗalibai, ku ne kuka fi ba ni tausayi a nan. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya yi rubutu a kan wata lalura da ya gani a tsakanin ɗaliban Najeriya: zafi a tsakiyar kai, jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fata, ido ya yi dishi-dishi, a karanta shafi a kasa riƙe komai. Har gobe ana jin wannan ƙorafi a ɗakunan kwanan ɗalibai idan jarrabawa ta matso. Karatun kwana ba ya haifar da abin da kuke zato, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Awa uku na karatu da barci cikakke sun fi kwana zaune da jajayen idanu.

Abin da ake amfani da shi wajen kwanan zaunen kuwa shi ne matsala ta gaba. Sinadarin kafin, wanda ke cikin kofi da ganyen shayi da goro da lemukan nan na gwangwani da ake cewa suna ƙara kuzari, yana sa zuciya gudu da rawar hannu, wato daidai alamomin da mai fargaba ke tsoro. Jiki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Ke nan shayi mai kauri da aka sha a majalisa bayan Magariba, ƙarfe goma sha biyun dare rabin ƙarfinsa na nan cikin jini. Ban ce ku yi gaba da mai shayi ba, amma mai fama da faɗuwar gaba ya mayar da shan sa na safe, ya rage kauri, ya bar lemukan kuzarin nan gaba ɗaya. Wanda ya saba sosai ya rage kaɗan-kaɗan, don yankewa rana ɗaya na kawo ciwon kai. Batun abinci kuma, na san halin da ake ciki, ba zan lissafa muku abin da aljihu ba zai iya ba. Kawai dai kada ku wuni da yunwa sannan ku kora lemon kwalba, domin yunwa ma tana sa rawar jiki da bugun zuciya. Koko da ƙosai da safe, ko ɗumame, ko gyaɗa da rogo, sun wadatar. A lokacin zafi ku yawaita shan ruwa.

Akwai wata hanya da nake roƙon ku don Allah kada ku bi ta. Wani aboki zai ce akwai 'yar ƙwayar da in ka sha za ka ji duniya ta yi maka daidai, ana samu a kemis ko a wurin wane. Da yawa daga cikin waɗanda kuke gani sun lalace da shaye-shaye, ba da neman maye suka fara ba, barci suke nema ko sauƙin tunani. Binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan an ga irin ɓarnar da yake yi, har a cikin gidajen aure. Tiramol da diyazefam da roci da wiwi duk hali ɗaya gare su: su kwantar da hankali na 'yan awoyi, idan suka sake ka fargabar ta dawo ta ninka, sai ka nemi ƙari. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana shan irin su diyazefam, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Ya je likita ya rage masa a hankali.

Motsa jiki kuwa, da a kemis ake sayar da shi da ya yi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, yaro ɗan 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum. Amfaninsa ga mai fargaba biyu ne. Yana sauke ɗaurewar jijiyoyi ya kawo barci mai nauyi, sannan yana koya wa mutum cewa bugun zuciya da gumi da haki ba alamar mutuwa ba ne, tunda ga shi ya ji su a filin ƙwallo kuma ba abin da ya same shi. Samari suna da fili da keke da gona. Wanda zai je wuri kusa ya bar A-daidaita-sahu ya taka da ƙafa, da sauri, har ya ji jiki ya ɗau ɗumi. 'Yan mata, na san ba kowacce ke da damar fita ba, amma tsakar gida ma fili ce. Tsallen igiya, daka, surfe, tafiya Islamiyya a ƙafa tare da ƙawaye, duk suna cikin lissafi. Iyaye kuma ina roƙon su gane cewa yarinyar da ke wuni a ɗaki daga ita sai waya ba hutawa take yi ba.

Tunda na ambaci waya, bari in ƙarasa. Bidiyon gawarwaki da na waɗanda aka sace suna kuka, da ake turawa daga wannan zaure zuwa wancan, ba ya ƙara muku sanin halin da ƙasa ke ciki, kuma ba ya taimakon waɗanda abin ya shafa. Wani ma tsoho ne, ko daga wata ƙasa aka ɗauko shi aka sauya masa suna. Amma jikinku bai san wannan ba, duk kallo ɗaya sai ya shirya gudu. Labaran rediyo na safe ko na yamma sun isa mutum ya san abin da duniya ke ciki. Zauren da ba a turo komai sai tashin hankali, ku fita, ba laifi ba ne. Haka kallon lefen wance da motar wane a Instagram, kuna auna rayuwarku gaba ɗaya da hoton da wani ya zaɓa ya gyara kafin ya nuna. Ita kuwa cacar ƙwallo ta waya, ko ba a zo batun haramcinta ba, wanda ke yin ta ya sayi faɗuwar gaba da kuɗinsa.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, domin ko an gyara barci da abinci, in aka bar wannan, fargaba ba ta tafiya. Babu abin da ke raya ta kamar gudu. Ɗaliba tana tsoron magana a gaban aji, ranar da za ta gabatar da aiki sai ta ce ba ta da lafiya. Nan take ta ji sanyi a ranta. Amma me ƙwaƙwalwarta ta koya? Ta koyi cewa lallai akwai haɗari a wurin, kuma gudun ne ya cece ta. Karo na gaba tsoron ya fi na farko. Wanda abin ya taɓa taso wa a kasuwa sai ya daina zuwa kasuwa, daga nan masallacin Juma'a, daga nan motar haya, kafin shekara ta zagayo duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya. Haka mai ƙin ɗaga wayar wanda ke bin sa bashi, da ɗalibin da ke kauce wa malamin da ke duba kundinsa, da mai taɓa jijiyar wuyansa kowane lokaci yana ƙirga bugun zuciya ko yana binciken alamomin cuta a intanet. Sauƙin minti biyar suke saye, su biya da watanni.

Maganin shi ne a tunkari abin, amma daki-daki. Ɗalibar nan ta fara karanta aikinta da ƙarfi ita kaɗai a ɗaki. Gobe ta karanta wa ƙanwarta. Sannan ƙawaye biyu ko uku. Sannan ta ɗaga hannu ta yi tambaya ɗaya a aji, ko da murya na rawa. Sharaɗin shi ne kada ta bar wurin da zarar gaba ya fara faɗuwa, ta daure ta tsaya har ta ji abin ya fara sauka, ta kuma maimaita matakin har ya zame mata jiki kafin ta hau na gaba. Wanda ake bi bashi ya kira da kansa ya ce, "Alhaji, ban manta ba, ga abin da zan iya kawowa ƙarshen wata." Sau da yawa maganar minti biyu ce ke kawo ƙarshen zullumin wata guda. Wannan ita ce hanyar da ƙwararrun masu jinyar fargaba ke bi da marasa lafiyarsu, kuma tana cikin waɗanda aka fi tabbatar da ingancinsu. A kula, ina magana ne a kan abin da ba haɗari a cikinsa. Hanyar da aka san ana tare mutane, ƙin bin ta da dare hankali ne.

Tunanin da ke zuwa ba sallama kuma, a yanka masa lokaci. Wani masani a Amurka, Thomas Borkovec, da abokan aikinsa sun gwada wannan dabara tun a 1983: mutum ya ware kamar rabin awa kullum, lokaci ɗaya wuri ɗaya, domin damuwa kawai. Bayan la'asar ya dace, kada ya zama dab da kwanciya. Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta duk abin da ke cin ranka. Kowanne ka tambayi kanka, akwai abin da zan iya yi a kansa? In akwai, rubuta mataki ɗaya ƙarami da ranar da za ka yi shi. In babu, ka bar wa Mai shi, nan ne gurbin tawakkali na gaskiya. Idan tunanin ya zo da hantsi ko da tsakar dare, ka ce masa ya jira la'asar. Da farko ba zai ji ba, a hankali yakan saba. Za kuma ka lura, idan ka waiwayi takardun baya, da yawan abin da ka ji tsoro bai faru ba.

Kada kuma ku riƙe abin ku kaɗai. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne ba kowa ake gaya wa sirri ba. Amma Hausawan da suka faɗi wancan su ne suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga likitocin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan, sai ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zama shida da su sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu ma muna da irin waɗannan mutane: kaka, gwaggo, kawu, yaya, malamin Islamiyya mai sauƙin kai, aboki ɗaya mai riƙon amana. Ku zaɓi mai saurare wanda ba ya saurin yanke hukunci kuma ba ya kai magana gaba. Zaman majalisa, gaishe da mara lafiya, zuwa suna da biki, taya maƙwabci aiki, duk suna fitar da mutum daga cikin kansa.

Ibada ma tana da babban gurbi. Salloli biyar suna yanka yini gida-gida, suna tilasta wa mutum ya ajiye abin da yake yi, ya taɓa ruwa, ya tsaya. Amma sallar da aka yi da natsuwa nake nufi, wadda ake ba ruku'u da sujada haƙƙinsu, a zauna bayan sallama a yi zikiri ba tare da hannu na laluben waya ba. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da addu'arsu da zumuntar coci. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Sai dai duk wanda ya ce zai ɗaure ku ko ya doke ku da sunan fitar da aljani, ko ya yi ta karɓar kuɗi yana ce muku wance ce ta yi muku jifa, ku nisance shi, zai ƙara muku tsoro ne ya kuma raba ku da danginku.

Kada ku ɗebo duk waɗannan rana ɗaya, za ku gaji ku watsar. Ku ɗauki biyu, misali lokacin tashi da tafiyar rabin awa, ku riƙe su makonni kafin ku ƙara wani. Sauƙin yakan zo a hankali, kuma za a samu ranakun da abin zai dawo kamar ba a yi komai ba. Hakan ba ya nufin an koma farko.

Duk abin da na faɗa yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗe ta. Wanda ya fara jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, ya fara zuwa a duba shi, domin ƙarancin jini, da cutar maƙoƙo mai sa sinadarin wuya ya yi yawa, da wasu cututtukan zuciya, suna kama da fargaba. Wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, kada ya ajiye shi saboda ya karanta wannan rubutu. Idan kuma abin ya kai ga hana ka karatu ko sana'a ko fita, ko ya ɗauki watanni kullum cikin zullumi, ko wasiwasi ya sa kana maimaita alwala da salla har lokaci ya fita, ko kana yawan mafarkin wani tashin hankali da ka gani da idonka, to gyaran yini kaɗai ba zai isa ba, ana buƙatar ƙwararre. Wani da zaman tattaunawa kawai zai warke, wani sai an haɗa masa da magani, kuma babu abin kunya a ciki.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, amma akwai inda ake samun su. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Nijar kuma babban asibitin ƙasa da ke Yamai yana da nasa sashen. Likitan asibitin da ya fi kusa da ku ma zai iya dubawa ya tura ku gaba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin mai neman irin wannan jinya. Idan kun je, ku faɗi komai har da abin da kuka taɓa sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kuwa ya fara jin rayuwa ta ishe shi, ko tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, ina roƙon sa kada ya jira gobe: ya gaya wa wani babba a gida yau ɗin nan, su tafi asibiti tare.